Saje Ampofo da Kifin Talata

Ga ta nan, ku gyara zama. Wannan ba ta namun daji ba ce, ta Saje Ampofo ce, kuma da idona na ga abin da zan faɗa, ko da yake rabin lokacin idon cike yake da ruwan gishiri.

A zamanin nan ina kofur a sojan sama, ni ne mai rediyo a jirgin ɗaukar kaya, a sansaninmu na bakin teku can yammacin Gana. Sai labari ya zo cewa an sayi sabon jirgi a Turai, kuma daga cikinmu za a zaɓi waɗanda za su je su taho da shi. Da yake hanyar ta kan teku take, aka ce ba mai zuwa sai ya ci horon tsira a ruwa. Wanda kuwa ya faɗi, ba Turai kaɗai zai rasa ba, tashi ma ya gama, sito zai koma ya riƙa ninke barguna har ya yi furfura.

Saje Ampofo shi ne mai kula da lodin kaya a jirginmu. Gajere ne, ƙirjinsa ya riga shi shiga ɗaki, gashin bakinsa kuma yana murza shi in zai yi ƙarya, shi ya sa kullum a murɗe yake. Mutumin cikin ƙasa ne, ɗan manoman koko, amma in ka ji shi sai ka ce a cikin kifi ya kwana wata tara. Tun ba a fara horon ba ya aika gida cewa Turai ya nufa. Ya shiga kasuwar gwanjo ya sayo wata ƙatuwar kwat ta sanyi, yana yawo da ita a zafin nan namu, gumi na bin ƙafarsa, wai yana saba wa jikinsa.

“Essel,” ya ce mini a wurin cin abinci, “ku mutanen bakin teku kusa da ruwa kawai aka haife ku. Ni a kansa aka haife ni. Uwata tana tsallaka kogin Tano naƙuda ta kama ta, na faɗo daga kwalekwale, na riga su isa gaɓa.”

Kofur Adongo, bakanikenmu, wani dogo daga Bolga can arewacin ƙasar, wanda ba ya magana sai ta kama, ya ajiye cokali ya ce, “Da cibiyar ka yi iyon, Saje, ko a can ka bar ta?”

“Kai ɗan tudu, yi shiru. Ruwan da ka sani duk bai wuce na randa ba.”

“Gaskiya ne. Ni tsoronsa nake ji, kuma ban ɓoye ba.”

“To ranar ka kama wuyan rigata. Wanda ke kusa da Ampofo ba ya nitsewa.”

Mai koyar da mu Samanja Badu ne, tsoho busasshe kamar kifin banda, ba ya dariya, ba ya kuma ɗaga murya. Makon farko a tafkin wanka muka yi shi, kowa da rigar ceto, irin wadda ake jan igiya ta kumbura. Ranar da aka ce a tuɓe rigunan a yi iyo haka nan, Ampofo ya wayi gari da ciwon kunne, auduga har tana leƙowa. Ya tsaya a bakin tafkin yana gyara mana bugun ƙafa.

Ana gobe fita teku Samanja ya tara mu. Ya ce, “Rigar nan, kada wanda ya ja igiyarta sai ya fita fili. Na taɓa ciro abokina daga jirgin da ya nitse. Ya kumbura tasa tun yana ciki, ruwa ya manna shi da rufin jirgi, ƙofa tana ƙasa da shi yana ganinta.” Ya ci gaba: “Gobe za a jefa ku a kwalekwalen roba tun da safe, sai rana ta yi ja mu dawo. Ruwan sha kaɗan, biskit kaɗan. Ku sha ƙwayar hana amai. Buhun nan mai igiya da ke jan ruwa a ƙarƙashinku, shi ke hana iska kwashe ku, kada a taɓa shi. Wutar neman agaji tana cikin jaka, ba a harba ta sai rai na hannun Allah. Jirginmu zai yi nisa, amma jan hayaƙi za mu gani. Kowane kwalekwale da shugabansa, kuma in abu ya lalace shi zan kama.”

Ya dubi Ampofo. “Saje, na ji an ce a kan ruwa aka haife ka.”

“Ranka ya daɗe, ba na son yabon kai.”

“To kai ne shugaban Essel da Adongo.”

Ampofo ya sara, ya ce a matsayinsa na mai lodi shi zai kwana da jakar kayanmu ya duba ta da kansa. Har Samanja ya yaba masa.

Da safe jirgin sojan ruwa ya fita da mu har gari ya zama zare a bayanmu. Aka jefa ƙunshin robarmu, ya fashe ya kumbura, ga rumfarsa ruwan lemo. Na yi tsalle. Adongo ya rufe ido ya ambaci sunan uwarsa ya biyo ni. Muka hau, muka waiga, ba Ampofo. Ashe tun yana bakin 'yar ƙofar ƙarfen nan ta gefen jirgi ya fizge igiyar rigarsa. Riga ta kumbura, ga ƙirji dama, sai ya maƙale, ba gaba ba baya, ƙafafu na reto.

“Saje, me na ce jiya?” in ji Samanja.

“Gwada ta nake yi, ranka ya daɗe! Ina tabbatar da ingancin kayan gwamnati!”

Samanja ya tabbatar masa da ingancin takalmin gwamnati a gindi. Ampofo ya faɗo ruwa da ciki, fam! Ya taso yana kaɗa hannu ta ko'ina, sai da Adongo ya miƙa dogon hannunsa ya cafko shi ta wando ya jefa cikin kwalekwale.

“Wa ya ce ka taɓa ni?” Yana tari yana tofar da ruwa. “Ƙarƙashin robar nake dubawa.”

“Yi haƙuri, Saje. Kai ka ce in kama rigarka, wandon na samu.”

Jirgi ya tafi ajiye sauran ƙungiyoyi can nesa, har ya ɓace mana. Ni da Adongo muka haɗiye ƙwayoyinmu. Ampofo ya cilla tasa a ruwa ya ce ta masu jego ce. Wanda bai taɓa zama a kwalekwalen roba ba ba zai gane ba: ba tafiya yake yi ba, lilo yake yi, ya ɗaga ka, ya murɗa, ya sake ka, ƙasansa kuma yana motsi kamar cikin saniya, ga warin roba da zafi a rumfa. Kafin rana ta ɗaga sosai Ampofo ya daina ba mu labarin kadan da ya taɓa shaƙewa. Fuskarsa ta yi toka. Sai ya rarrafa bakin rumfa ya mayar wa teku da karin kumallonsa, har da na jiya.

“Sannu, Saje,” na ce.

“Sannun me? Kifi nake kira. Haka ake yi a Tano.”

“To sun gode,” in ji Adongo. “Ka rage musu na rana.”

Da cikinsa ya lafa, sai ya share baki ya murza gashin baki, na ce a raina yau mun shiga uku. Ya ce, “Yara, ku saurara. Kuna tsammani Ampofo zai wuni yana soyuwa kamar wawa? Kun ga dutsen can mai farin kai? Bayansa ƙauyen masunta ne. Na je can makon jiya na shirya da wani dattijo, Egya Bentsil, mai kwalekwale da inji. Na ce masa in ya hango rumfa ruwan lemo ya zo ya ja mu. Akwai wani lungu mai inuwa a gindin dutsen. Mu kwanta, mu sha ruwan kwakwa, la'asar ta yi ya maido mu nan. Sauran su dawo kamar an tono su, mu kuwa muna sheƙi. Samanja ya ce wane ne shugaban waɗannan?”

Yana magana hannunsa na aiki a gefen kwalekwale. Kafin in gane, ya kwance igiyar buhun nan da aka ce kada a taɓa.

“Saje, me kake yi?”

“Igiyar ja nake tanada. Dattijon zai zo ya tarar ba mu shirya ba?”

Na ce, “Tsaya tukuna. Da ka gaya masa, me ya ce?”

“Ya ce in yana kan ruwa zai zo.”

“Ka gaya masa ranar?”

“Ina ruwan masunci da rana? Kullum ba a ruwa suke ba?”

Na dubi gabas, na dubi yamma. Tun da muka fito ban ga filafili ko ɗaya ba, ban kuma ji ƙarar inji ba, sai dai hankalina bai kai ba saboda a soja duk ranaku kaki suke sawa. Na ce, “Saje, yau wace rana?”

“Talata mana.”

“Talata! Ɗan ruwa, wa ka taɓa gani ya tura kwalekwale ranar Talata? Yau teku take hutawa. Daga nan har iyakar ƙasar nan ba mai jiƙa taru. Egya Bentsil yana gindin kwakwa yana ɗinki.”

Bakinsa ya buɗe, hannunsa ma ya buɗe. Igiya ta sulale, buhu ya yi ƙasa a hankali, muna kallonsa har ya ɓace. Nan take iska ta kama rumfarmu ta fara tafiya da mu.

“A Tano Laraba muke hutawa,” in ji shi.

Adongo ya ce, “Ni dai ɗan tudu ne, ku yi mini bayani. Yanzu tafiya muke yi ko zama?”

“Tafiya.”

“Ina?”

“Tambayi shugaba.”

Shugaba bai rasa ta cewa ba. Ya jawo jakar kayan ceto ya zuge, sai ƙamshi ya cika rumfar. Dokunu ne, tuwon masarar nan na Gana, a ganyensa, curi-curi, da soyayyen kifi da kwalbar yajin shito baƙi ƙirin. “Ga shi, marasa godiya. Wane shugaba ne ya yi wa mutanensa haka?”

Ba zan yi muku ƙarya ba, mun ci. Yunwa ba ta san doka ba, kuma shiton na wata mai abinci a bakin bariki ne, mai sa mutum hawaye. Sai da muka suɗe hannu muka gane abin da muka yi wa kanmu. Yaji da gishiri a tsakiyar teku, rana a tsaka, ruwan sha ɗan mitsitsi. Kafin azahar ta gota mun shanye na wuni duka, harshe ya zama kamar tsumma. Ampofo kuwa nasa dokunun bai ma zauna ba, ya bi sawun karin kumallo, da yajinsa ta hanci.

Adongo ya kwanta yana kallon rumfa. “Saje, ka ce wanda ke kusa da kai ba ya nitsewa. Ba ka faɗi maganar ƙishirwa ba.”

“Kun raina ni ko? To yanzu za ku ga aikin ɗan ruwa. A idon kifi akwai ruwan sha, ba ku sani ba.” Ya lalubo ƙugiya da zare daga jakar, ya soka guntun soyayyen kifi.

Na kama hannunsa. “Saje, ka rufa mana asiri. Zama a kan ruwa yau, an san soja ne, ba a cewa komai. Amma kama kifi ranar Talata, ko kakana ba zai yi ba.”

“Kifin ya san Talata ne? Kalanda gare shi?”

Ya jefa. Ni kuwa na yi ta addu'a kada ya kama, don kifi ba ya zuwa wa mai surutu. Amma ranar teku ta so wasa. Zare ya miƙe, Ampofo ya yi ihu, ya ja, ya faɗi da baya, sai ga ƙurungun teku mai kauri kamar cinyar mutum ya faɗo tsakiyarmu, ƙayoyinsa uku a miƙe, yana gurnani.

“Fitar da shi!” na ce. “Roba ce!”

“Ba mai taɓa mini kifi!”

Ya faɗa masa da rungumar kokawa. Kifi ya zille. Adongo ya naɗe dogayen ƙafafunsa har wuya yana kiran duk waliyyan da ya sani. Kifi ya yi tsalle ya sauka a gefen kwalekwale, sai muka ji wata 'yar ƙara siririya, fiii, irin wadda ba na fatan ku taɓa ji. Rabin robar ya fara laushi, ruwa ya fara shigowa ta gefen.

Nan wasa ya ƙare. Na cire ƙugiyar na watsar da ita da zaren, na danna tafin hannu a kan hujin, Adongo ya cire takalmi yana kwalfar ruwa. Na ce, “Saje, harba wutar. Yanzu rai na hannun Allah.”

Ya kau da kai.

“Saje, wutar!”

“Ai… jakar ba ta da faɗi.”

“Me?”

“Dokunun bai shiga ba sai da na rage kaya.”

Adongo ya tsaya da takalmi a hannu. “Ina take?”

“Ƙarƙashin katifata. Lafiya lau take, ba abin da zai same ta.”

“Madalla. Ko mun mutu, wuta ta tsira.”

Abin da ya rage mana na neman agaji shi ne ƙullin garin rini, wanda ake zubawa a ruwa ya yi kore don jirgi ya hango. Ampofo ya ce wannan aikin shugaba ne. Ya tsaya a gwiwa yana fuskantar iska, ya yage ƙullin da haƙori. Rabi ya shiga teku. Rabi ya koma masa fuska da gashin baki da ƙirji, ga jiki a jiƙe. Ya juyo kore shar, kamar ɗanyen ganyen ayaba, idanu kawai ke fari.

Allah ya taimake mu, iskar nan gaɓa take nufa. Muka yi ta kwalfa muna tafiya a karkace, kore na bin mu a baya kamar jela, har muka zagaya dutsen mai farin kai muka fara jin rugugin igiyar ruwa. Na san gaɓar irin wannan, ba ta karɓar baƙo da hannu biyu. Na ce kowa ya fito daga rumfa ya riƙe igiyar gefe. Ta farko ta ɗaga mu, ta biyu ta juya mu, ta uku ta kifar da mu gaba ɗaya. Na sha yashi, na ga duhu, na ga haske, sai na ji ƙasa a gwiwata. Adongo ya taso yana jan Ampofo ta ƙafa.

Da na share ido sai na ga mutane. Ba kaɗan ba, garin duka. Talata ce, maza suna zaune a inuwar kwakwa da taruna a cinya, mata sun bar murhun banda, kuma a gindin wata babbar bishiya Nana sarkin masunta yana zaune da dattawansa, don ranar yake shari'a. Aka bar shari'ar aka taso.

Wata mata ƙatuwa, Maame Ekua, shugabar masu banda, ta riƙe ƙugu ta dubi Ampofo. “Jama'a, wannan mutum ne ko abin ruwa?”

“Soja ne,” in ji wani dattijo mai allurar taru a hannu. “Na san gashin bakin. Saje, kai ne? Ashe yau ce?”

“Egya Bentsil! Ka ci amanata!”

“Ni? Na ce in ina kan ruwa. Kai da ka ce mini kakanninka ne suka koya wa mutanen nan su, na zaci ka san mako.”

Aka kwashe da dariya. Matan suka jawo robarmu kan yashi, suna ɗaga ta sai ƙurungu ya faɗo, da ransa, yana gurnani. Dariyar ta tsaya cak.

Ana cikin haka ƙaramin jirgi mai inji ya sauke Samanja Badu. Sun je inda suka bar mu ba su gan mu ba, sai suka bi koren. Ya gaida Nana da ladabi, ya ƙirga mu da ido, ya tsaya gefe ya harɗe hannu.

Nana tsoho ne mai sanyin hali, kuma ba ya son rigima da bariki. Na matsa kusa da Ampofo na raɗa masa, “Ka ce shi ya faɗo da kansa. Ba ƙugiya, ba shaida.” Nana ma da kansa ya buɗe masa ƙofa. Ya ce, “Ɗana, teku takan yi kyauta. Wani lokaci kifi yakan yi tsalle ya faɗa jirgin mutum, wannan ba laifin kowa ba ne. Ina jin haka aka yi?”

“Haka aka yi, Nana,” in ji Adongo.

“Haka aka yi,” na ce.

Ampofo ya dubi taron. Mata sun fi ɗari suna kallonsa, wasu na rufe baki. Na ga hannunsa ya tafi gashin baki, na rufe ido.

“Tsalle? Nana, dubi girman kifin nan! Irin wannan yana faɗowa haka kawai? Ni na kama shi! Ya ja, na ja, ya ja mu har bayan dutse, waɗannan biyun suna kuka, na ce ku yi shiru Ampofo na nan. Da hannu ɗaya na ɗago shi!”

“Da ƙugiya?” in ji Nana a hankali.

“Da ƙugiya da ƙarfin damtse!”

Wurin ya ɗauki hayaniya. Maame Ekua ta tafa hannu. “Kun ji da bakinsa! Mazanmu na zaune da yunwa suna girmama rana, shi ya zo daga dawa ya yi mana su!”

Samanja ya tako. “Saje, kifin ne ya huda robar?”

“A cikin gwagwarmaya, ranka ya daɗe.”

“Buhun fa?”

“Ya… tafi.”

“Da kuka ga kuna nitsewa, me ya hana ku harba wuta?”

Adongo ya ce, “Tana gadin katifa, ranka ya daɗe.” Ya miƙa masa ganyen dokunu da ya maƙale a jakar.

Samanja ya daɗe yana kallon ganyen. Ya ce, “Da iskar nan waje ta nufa, da yanzu ina tunanin abin da zan gaya wa iyayen yaran nan.” Ba wanda ya yi dariya, har Ampofo ya sunkuyar da koren kansa.

Dattawa suka haɗa kai suka yi shawara. Nana ya ce, “Baƙo ne, kuma kifin da ransa. Ba za mu tsananta ba. Ya ɗauke shi ya kai shi bayan inda igiyar ruwa ke karyewa, ya sake shi, ya ba teku haƙuri. Amma ya tuɓe wannan rigar mai iska. Ba a zuwa ban haƙuri da sulke.”

Samanja ya ce, “Nana ya yi adalci, ni ma zan ɗora nawa a kai. Saje, abin da ka yi yau ya isa in sauke ka daga jirgi. Amma gwanin iyo yana da wuyar samu, ba na son in yar da shi. Ga wurin can, ko jifa ba ta kai ba. Je ka dawo da ƙarfin hannunka, in sake maka horon mako mai zuwa, Turai tana nan. In ka kasa, sito.”

Na ji daɗi har raina, don duk haukarsa ba na son ya rasa tashi. Na ce, “Saje, ka samu! Wannan ai wanka ne.”

Ampofo ya tuɓe rigar ceton a hankali kamar mai tuɓe fatarsa. Aka naɗe masa kifin a tsumma ya rungume. Ya taka zuwa bakin ruwa ya tsoma yatsan ƙafa.

“Wannan ruwan bai kai na Tano nauyi ba. Sai na lissafa.”

“Lissafa kana tafiya,” in ji Maame Ekua.

“Kunnena fa, ranka ya daɗe, likita ya ce…”

“Audugar ta faɗi tun safe, Saje. Shiga.”

Ya shiga zuwa idon sawu, ya juyo ya ɗaga wa jama'a hannu. Zuwa gwiwa, ya sake juyowa, wannan karon ba murmushi. Zuwa ƙugu, sai ga wata igiyar ruwa, ba ma babba ba, irin wadda matan garin ke wanke kwando a cikinta. Ta buge shi a ƙirji ya zauna. Kifi ya ga hanya ya yi gaba abinsa, bai jira haƙurin ba. Ampofo ya ɓace, ya ɓullo, ya daki ruwa da hannu biyu, ya kwarma ihun da har bayan dutse an ji.

“Wayyo uwata! Ku cece ni! Ban iya ba! Ban taɓa iyawa ba! Adongo!”

“Miƙe tsaye, Saje!” na yi masa tsawa. “Ƙafarka za ta taɓa ƙasa!”

Ina, ba ya ji. Ni da Adongo muka zabura, amma Maame Ekua ta riga mu. Ta ɗage zani ta shiga, ruwan bai wuce cinyarta ba, ta damƙi wuyan rigarsa da hannu ɗaya ta jawo shi kamar buhun gawayi, ta zube shi a gaban Nana. Garin ya kece da dariya. Wasu dattawa har da kwanciya a kan taru.

Samanja ya tsuguna, ya sa hannu ya ɓalle alamar fiffike ta masu tashi daga ƙirjin rigar Ampofo, ya sa a aljihu.

Ampofo ya yi tari ya amayar da ruwa mai kore, ya tashi zaune, ya dubi gurbin fiffiken, ya dubi mutane. Ya kai hannu gashin baki.

“Kun dai gani da idonku,” in ji shi. “Sau biyu yau teku ta haɗiye ni, ta kasa riƙe ni.”

Maame Ekua tana matse bakin zaninta ta ce, “Ɗana, ba kasawa ta yi ba. Ɗanɗanawa ta yi ta tofar.”

Ni da Adongo muka sake horon da wani shugaba, muka je Turai muka sha sanyinmu. Saje Ampofo kuwa sito ya koma, kuma maganar gaskiya ba a taɓa samun mai ninke bargo kamarsa ba.

Nan tawa ta tsaya, ƙurungus, kan ƙurungun da ya tsira.